MAKARANTAR FIRAMARE DA JAMA'ARTA A ƘASAR ƘETARE

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

Maganar wannan jawabi ita ce makarantar firamare ta ƙauye, da jama'ar da ke kewaye da ita, da labarin da ya kamata ya riƙa fitowa daga cikinta yana isa zauren Hakimi kowane wata. An ɗauki ƙasar Ƙetare, gundumar Kanwan Katsina, a cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, don ta zama abin misali, tare da Faskari da Sabuwa, waɗanda wakili ɗaya ke wakiltarsu da Ƙanƙara a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Dalili kuwa shi ne makarantun wannan yanki sun sha wahalar da wurare da yawa ba su sha irinta ba. Abin da aka faɗa game da su, kowane Hakimi ya iya auna shi da tasa ƙasar.

Gundarin maganar gajere ne. Makaranta ta kan mutu da kaɗan-kaɗan, yau yaro ɗaya ya daina zuwa, gobe yarinya biyu, alhali kuwa sunayensu suna nan daram cikin rajista, ana aika adadinsu Katsina kamar ba abin da ya faru. Ba mai iya gane wannan da wuri sai wanda ya san gidaje, ya san iyaye, watau Hakimi da mutanensa.

Asalin Al'amari

Neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Hasumiyar Gobarau tana tsaye cikin birni tana ba da shaida, sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani kuwa ba wanda bai san su ba. A wajen kudu ma, garin 'Yandoto na kusa da Tsafe, wanda a da ya ke cikin ƙasar Katsina, ya yi suna da malamai har almajirai suna zuwa daga nesa. Da ilmin boko ya zo, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin sarakunan da suka fara karɓarsa hannu biyu. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Wazirin Katsina Isa Kaita wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Jihar Arewa daga 1957 har 1966.

A wancan zamani makarantar elementare ta En'e ce, Hakimi kuwa shi ne mai kawo yara. A kan aiko masa da adadin da a ke bukata, shi kuma ya raba wa Dagatai, dogarai su bi gida-gida. Dattawa suna tune da yadda waɗansu iyaye su kan ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu, ko su tura su gabas karatu, ko kuwa a ba da ɗan talaka a maimakon ɗan mai hali. Hanyar tana da tsanani, a waɗansu wurare har da zalunci, ba kuwa mai fatan ta dawo. Amma ta bar abu ɗaya mai kyau: Hakimi ya san yawan yaran da ke makarantarsa, ya kuma san gidan kowannensu.

Cikin 1976 abu biyu suka faru. Gyaran ƙananan hukumomi ya ƙarasa rushe tsarin En'e, sa'an nan cikin watan Satumba aka soma shirin UPE na ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yawaita har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo baƙi ba. Cikin 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 23 ga Satumba 1987. Talakawa sun huta, amma ƙidayar da malamin Hakimi ya saba yi kowace shekara, gida-gida, ta mutu tare da harajin a wurare da yawa. Makarantu suka ƙaru a daidai lokacin da mai ƙidayar mutane ya ajiye alƙalami.

Abin Da Doka Ta Tanada

An ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato cikin 1999, dokarsa kuwa ta fito cikin 2004. Wajibi ne kowane Magatakarda ya san abu huɗu daga cikinta.

Na farko, karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, namiji ko mace. Na biyu, uban da ya ƙi kai ɗansa, idan kotu ta same shi da laifi, karo na farko a tsawata masa, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan wannan kuwa tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Na uku, wanda ya karɓi kuɗin makaranta daga hannun yaro ya yi laifi, hukuncinsa ya iya kai tarar Naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Na huɗu, Gwamnatin Tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta domin wannan shiri, amma jiha ba ta samun rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta.

Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha ita ke riƙe da makarantun firamare, a kowace ƙaramar hukuma kuwa akwai Sakataren Ilmi da masu duba makarantu. Hakimi ba ya ɗaukar malami, ba ya korarsa, ba ya kuma yanke wa kowa tara. Ba a ambaci hukuncin doka don a riƙa tsoratar da talakawa da shi ba. An ambace shi don Hakimi ya sani cewa sa'ad da ya kira uba ya tambaye shi ina ɗansa, bai wuce gona da iri ba, haƙƙin yaron ya ke nema masa.

Shekarun Wahala

Ba a iya maganar makaranta a wannan yanki ba tare da ambaton 2020 ba. Cikin watan Maris cutar korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya duka watanni da yawa. Ba a daɗe da komawa ba, ran Jumma'a da dare, 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara, suka kora yara fiye da 300 cikin daji. Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umurni a rufe makarantun kwana na jiha. Ran 17 ga wata aka sako yaran, Gwamnati ta ba da adadinsu 344.

Ko da ya ke makarantar sakandare aka shiga, tsoron ya sauka a kan kowace uwa mai ɗan firamare. Cikin 2021 kuma, domin matsa wa ɓarayin daji, Gwamnatin Jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da yawa, cikin watan Satumba kuwa aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A cikin waɗannan shekaru mutanen ƙauyuka da yawa suka tashi suka koma manyan garuruwa, waɗansu sun dawo, waɗansu ba su dawo ba.

Wannan hijira ta ɓata rajista ta fuska biyu. A ƙauyen da aka tashi, sunaye suna nan yara ba su nan. A garin da aka koma, yara suna nan cunkushe a ƙasa sunayensu ba su nan, domin sun fito da dare ba takardar canjin makaranta. Tun da ya ke bisa adadin rajista a ke raba malamai da littattafai da kujeru, sai a tura kaya inda ba yara, a bar inda yara su ke hannu wofi. Ma'aikacin da ke zaune a Katsina ba shi da hanyar gane wannan daga takarda. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ƙidaya Uku

Maganin wannan shi ne kowace gunduma ta riƙe ƙidaya uku, ta riƙa gwama su.

Ta farko ita ce yawan yaran da suka isa makaranta, daga shekara shida zuwa sha ɗaya, a kowace unguwa, maza daban mata daban, har da 'ya'yan baƙin da suka yi hijira, da na rugagen Fulani. Masu-unguwa ke yinta sau ɗaya a shekara, kafin a buɗe makaranta cikin Satumba, su miƙa wa Dagaci, Dagaci ya miƙa wa Magatakarda. Limamin da ke raɗa suna da ungozoma suna da taimako babba a nan. Ya kamata kuma a matsa wa iyaye su karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin ita ke yanke gardamar shekaru.

Ta biyu ita ce yawan sunayen da ke rajista. Wannan tana hannun Hedimasta.

Ta uku ita ce yawan kawunan da ke cikin aji a ranar da ba a sanar da kowa za a zo ba. Magatakarda ke yinta da kansa, ko wani amintaccen wakilin Hakimi, sau ɗaya a wata, bayan an dawo daga tara, domin yara da yawa su kan tafi kalaci ba su komo ba.

A ɗauki misali don a gane lissafin. A ce ƙauye yana da yara 200 da suka isa makaranta, rajista ta nuna 150, aka ƙirga aka sami 90 cikin aji. Giɓi biyu ke nan, kowanne da irin maganinsa. Hamsin ɗin farko ba a taɓa rubuta su ba, aikinsu na Mai-unguwa ne da Liman, su je su ga iyayen. Sittin ɗin kuwa an rubuta su amma ba su zuwa, sai a bi sunayensu ɗaya-ɗaya a ga wanda ya tashi daga garin, da wanda ke ciwo, da wadda aka ɗora wa talla, da wanda aka tura kiwo, da wanda ya daina zuwa domin ba malami a ajinsu. Wanda ya haɗa giɓin biyu ya ce mutanen ƙauye ba su son boko, ya yi musu ƙazafi, bai kuma warkar da komai ba.

Kada a ɗauki ƙidaya ta uku tarko ce ga Hedimasta. Sau da yawa tsoro ke hana shi share sunan wanda ya tafi, kada a rage masa malamai. Idan ya ga Hakimi zai tsaya masa a gaban Sakataren Ilmi, zai faɗi gaskiya.

Shekarar Makaranta Da Shekarar Manomi

Mutanen wannan yanki manoma ne, masara da dawa da auduga da waken soya su ne dukiyarsu, saboda haka zuwan yara makaranta ya kan hau ya sauka tare da aikin gona. Magatakardan da ya san wannan zai san lokacin da zai buɗe ido.

Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗa cikin kaka. Lokacin ne a ke ɗaukar sababbin yara aji ɗaya, lokacin ne kuma a ke karyar masara, daga baya girbin dawa da ɗibar auduga, inda a ke biyan yara ladan yini. Shela ta ɗaukar yara ta kamata ta fita daga bakin Hakimi, a maimaita ta a masallatan Jumma'a da ranar kasuwa. Taron iyaye da malamai na farko ya fi kyau a yi shi a ƙarshen wannan zango, sa'ad da rumbu ya cika, domin a lokacin ne manomi ke iya yin alkawarin dami ko buhu saboda gyaran makaranta ya kuma cika.

Zango na biyu, daga Janairu zuwa Afrilu, ya soma da hunturu ya ƙare da bazara. Ajin da ba shi da taga ko ƙyaure ya kan zama wofi da safe saboda sanyi. Magidanta su kan tafi cin rani, bukukuwan aure su kan yawaita, 'yan matan aji biyar da shida su kan soma ɓacewa daga rajista. Zafi in ya shigo, ƙyanda da sanƙarau su kan biyo shi, sai a gayyaci ma'aikatan asibiti su zo rigakafi a makaranta. Cikin wannan zango a kan yi wasannin motsa jiki tsakanin gidajen makaranta, da gasar kacici-kacici da muhawara. A cikinsa kuma ya wajaba a hau rufi a duba ƙusa da katako, domin iskar farkon damina ba ta jiran kwangila. Kwano ɗaya da aka ƙara wa ƙusa cikin Maris ya fi rufin aji guda da za a yi shekara ana roƙo.

Zango na uku, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli, shi ne mafi wuya. Ga shuka, ga noman firi, ga maimai, ga rafukan da ke cika su raba unguwa da makaranta, ga zazzaɓin cizon sauro. Cikinsa 'yan aji shida ke jarrabawar wucewa ƙaramar sakandare. Yaron da aka tsare a gona makon jarrabawa, an zubar da wahalar shekara shida saboda aikin kwana uku. Cikinsa kuma a ke bikin Ranar Yara, 27 ga Mayu, da noman gonar makaranta, da dashen itatuwa, da ranar ba da kyaututtuka.

Waɗannan bukukuwa suna da amfanin da ya wuce wasa. Uban da bai taɓa taka makaranta ba ya kan zo ganin ɗansa yana tsere, in ya zo kuwa zai ga bangon da ya tsage da idonsa. Hakimin da ya halarci ranar ba da kyaututtuka, ya miƙa wa yarinyar da ta zo ta ɗaya littafi da sabulu a gaban jama'a, ya yi wa'azin da ya fi shela goma. In ya zo, ya kamata ya kira ɗan aji huɗu da ba malami ne ya zaɓo shi ba, ya ba shi gajeriyar wasiƙa ta Hausa ya karanta, ya kuma ba shi lissafin cinikin kasuwa. Gani ya kori ji. Idan yaron ya kasa, kada a kunyata shi ko malaminsa a wurin, sai a rubuta a bincika.

Kwamitin Makaranta, Da Malamai, Da 'Ya'ya Mata

Tun zamanin Shugaba Obasanjo Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yarda kowace makaranta ta sami kwamitin kula da ita daga cikin jama'ar gari. A cikinsa a kan sa wakilin sarauta, da Hedimasta, da wakilin malamai, da na iyaye, da malamin addini, da mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, da yaro da yarinya daga cikin 'yan makaranta. A waɗansu wurare kwamitin yana aiki, a waɗansu kuwa suna ne a takarda, ba a tunawa da shi sai an ji kuɗi za su zo. Alamar kwamiti mai rai uku ce: yana zama aƙalla sau ɗaya kowane zango, yana da littafin da a ke rubuta abin da aka zartar, yana kuma karanta lissafin kuɗinsa a bainar jama'a. Magatakarda ya nemi ganin littafin nan, ya sa hannu.

Game da malamai, tsarin ilmi na ƙasa ya so malami ɗaya ga yara 35, mai takardar NCE. Makarantun ƙauye da yawa ba su kai nan ba. Malamin da ke kwana a Malumfashi ko Funtuwa ko Ƙanƙara, yana zuwa bisa babur, duk ranar da hanya ta yi ƙamshin haɗari ba zai zo ba, ba kuwa mai ganin laifinsa ƙwarai. Gari ya iya abu biyu. Ya ba baƙon malami masauki da ɗan fili ya noma, ya riƙe shi kamar ɗan gida. Sa'an nan ya tura 'ya'yansa, maza da mata, Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-ma ko Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Katsina, Hakimi ya bi musu a ɗauke su aiki a garinsu. Malamin da uwarsa ke cikin gari ba ya gudun garin.

Maganar 'ya'ya mata tana bukatar haƙuri da hikima. Karatun mata yana da asali a ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata fiye da shekara 150 da suka wuce. Daga 2012 zuwa 2022 Jihar Katsina tana cikin jihohin da UNICEF da Gwamnatin Ingila suka taimaka da shirin ilmin 'ya'ya mata, ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu suna cikin abin da aka ƙarfafa. Inda irin wannan ƙungiya ta ke, a raya ta, domin mata ke shiga ɗakin da Mai-unguwa ba ya shiga. Abubuwan da ke fitar da yarinya daga makaranta sanannu ne: talla ranar kasuwa, da rashin makewayi na mata daban, da rashin ruwa, da nisan hanya, da rashin malama mace. Biyu daga cikinsu, makewayi da rakiya a hanya, gari ya iya yinsu da aikin gayya ba sai an jira Gwamnati ba.

Haka kuma kada a sa makarantar allo da ta boko su yi kishi. A zauna da alarammomi a raba lokaci, allo da asuba da yamma, boko da hantsi, yaro ya sami duka biyu yana kwana gidan ubansa.

Tsaron Makaranta

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙulla a Oslo ta ƙasar Norwe cikin 2015, cikin Oktoba 2021 kuwa aka yi babban taronta na duniya a Abuja. Cikin Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Duk da haka kunnen farko na Mai-unguwa ne.

Ba a neman Hakimi ya tilasta buɗe makaranta inda rai ke cikin haɗari. Rai ya fi karatu, shawarar rufewa kuwa ta jami'an tsaro ce da Sakataren Ilmi, tare da Hakimi. Abin da a ke nema shi ne kada makaranta ta rufu a ɓoye. A rubuta ranar da aka rufe, da dalili, da makarantar da yara da malamai za su koma, da ranar da za a sake duba al'amarin. Makarantar da aka rufe ba rubutu, ta kan shekara uku a rufe ba wanda ya tambaya.

Inda a ke karatu kuwa, kowace makaranta ta san wanda za a kira in an ga abin tsoro, da irin bugun ƙararrawar da ke nufin a watse, da hanyar da 'yan kowace unguwa za su bi, da babban da zai raka ƙanana. A gwada wannan sau ɗaya kowane zango cikin natsuwa, ba tare da firgita yara ba. Kada a mai da aji barikin masu ɗauke da makamai, ko na wane ɓangare ne, domin yin haka na jawo wa makaranta hari. Idan 'yan gudun hijira suka sauka cikin azuzuwa, a karɓe su da mutunci, a nema musu wani masauki da gaggawa, a kuma rubuta 'ya'yansu a rajista tun a makon farko, ko da ba su da takarda.

Takardar Labarin Wata

Dukan abin da aka faɗa ya taru a takarda ɗaya, wadda Magatakarda zai rubuta ƙarshen kowane wata game da kowace makaranta. Kada ta wuce shafi guda. Ga abin da za ta ƙunsa:

1. Yawan sunaye a rajista, da yawan da aka ƙirga cikin aji, maza da mata, da ranar da aka ƙirga.
2. Sunayen yaran da suka yi mako biyu ba su zo ba, da unguwarsu, da dalili.
3. Sababbin yaran da suka zo daga wani gari, da garin da suka fito.
4. Yawan malaman da aka turo, da yawan da aka tarar.
5. Kwanakin da ba a yi karatu ba, da dalili.
6. Halin rufi da bango da kujeru da ruwa da makewayi.
7. Abin da kwamiti ya zartar, da kuɗi ko kayan da suka shigo, da inda suka tafi.
8. Labari mai daɗi: wanda ya ci gasa, da wanda ya ba da gudummawa, da unguwar da ta fi kawo yara.

Hakimi ya sa a karanta ta a zamansa da Dagatai, a aika kwafi ga Sakataren Ilmi, a ajiye ɗaya cikin fayil ɗin gunduma, a ƙarshen zango kuma a tattara a kai fada. Sashe na takwas a ba mai shela ya faɗa wa gari. Sunayen da ke sashe na biyu kuwa sirri ne tsakanin Hakimi da Mai-unguwa da iyaye, ba a tozarta kowa da su.

Sharaɗin takardar ɗaya ne, watau gaskiya. Magatakardan da ya zauna a zaure ya kwafe adadin watan jiya don ya faranta ran Hakimi, ya cuci Hakimin, ya cuci yaran da ba su da bakin kai ƙara. Adadi maras daɗi da aka rubuta cikin Nuwamba ana iya gyara shi kafin Janairu. Wanda aka ɓoye kuwa sai bayan shekara goma zai bayyana, sa'ad da aka nemi ɗan gari mai takardar da zai riƙe asibiti ko aji aka rasa, ko sa'ad da saurayin da bai iya karatu ba, ba shi da sana'a, ya saurari mai kiransa daji.

Aikin bai bukaci mota ko kasafin kuɗi ba. Littafi ɗaya ne, da alƙalami, da tafiyar yini guda a wata. Magabata sun ƙirga mutanen gunduma gida-gida bisa doki domin haraji, 'ya'yan gunduma kuwa sun fi haraji cancantar a ƙirga su.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba Hakimai da Magatakardansu ikon riƙon amana, ya zaunar da Ƙetare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasar Katsina lafiya, ya raya yara bisa ilmi mai amfani. Amin.